Sakala a Akwatin Abijan

Da kaka ɗiyata ta kira ni ta ce in fara shiri. An gama yankan gero ke nan, amalanken jakai suna ta shigowa Filinge da dammuna, ana cikin ɗan zafin nan na bayan damina wanda ba ya daɗewa amma yana da cizo. Cikinta ya tsufa, na fari ne kuma, mijinta har ya riga ya saya mini tikitin jirgi daga Yamai zuwa Abijan.

Ita ce ta fari a wurina, shi ya sa ba na kama sunanta, ko a rubuce. Ƙanenta yana aiki can wajen Agadas, sai da salla nake ganinsa, wata sallar ma sai dai in ji murya. Maigidana ya rasu ƴan shekarun baya. Ni kuwa na aje alli bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da yara a lekol, har yau kuma duk garin Madam ake ce mini, har da waɗanda suka girme ni. Gidan da a da hayaniya ke hana mutum jin maganar na kusa da shi ya koma daga ni sai ƴan awakina.

"Inna, kar ki kwaso kaya masu nauyi," in ji ta a waya. "Garin ga zahi gare shi."

Na yi dariya. Na ce, "Ni za ki gaya ma zahi? Ni da anka haihwa nan ƙasar Kurfai?"

Ta ce, "Ba irin namu ba ne. Namu ƙona mutum yake yi, ya busar da shi. Wanga jiƙa mutum yake yi. Ki yi wanka, kafin ki gama ɗaura zane kin sake jiƙewa. Ki kawo atamfa mai laushi, wadda ta sha wanki. Shadda guda ta isa, don ranar suna. Kuma ki tuna jirgi auna kaya yake yi, Inna, ba motar Baleyara ba ce da za a ɗaura miki buhu bisa."

Na iya haɗa kayan tafiya, sai dai ban taɓa haɗa nawa ba. Maigidana ɗan kasuwa ne, duk rani yakan bi motar wake da tumaki zuwa kurmi, ya dawo da atamfa da goro. Ni ke shirya masa akwatinsa na ƙarfe, riguna a ƙasa, wanduna a kai, ƙullin tukudi a kusurwa don hanya. A zamanin, in mutum zai yi tafiya gida cika yake yi tun da sauran kwanaki. Wannan ta kawo ƙullin kuka a kai wa ɗanta, wancan ya zo da saƙon baki ya yi ta maimaita shi har a haddace, mata su baje a tabarma suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Mita nake yi a lokacin, ina cewa sun hana ni aiki. Yanzu ba mai bukatar matafiyi ya ɗaukar masa magana. Aminiyata, wadda ita ce za ta zauna ta ce mini wannan zanen bai karɓe ki ba, ɗanta ya ɗauke ta zuwa Yamai tun bara saboda ciwon ƙafa. Gidan da ke jikin nawa kuwa wani ma'aikaci ne baƙo ya kama haya. Matarsa mai kirki ce, amma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Akwatin ƙarfen bai yi ba, shi kaɗai ya kusa cinye nauyin da aka yarda in ɗauka. Na sayo na yanzu, mai taya da zip. Wata safiya na shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki na fito da duk suturar da na mallaka. Ban san na tara haka ba. Yawancinsu kayan biki ne, shaddodi masu tauri da leshi mai kaushi, da waɗanda muka ɗinka iri ɗaya da malaman lekol a hidimomi daban-daban. Waɗanda ɗiyata ke nufi, masu laushin nan da suka sha wanki, su ne nake sawa in yi shara, ina jin nauyin a gan ni da su a gidan suruki. Na ɗaga wani shuɗi a hannu ɗaya, wani mai ruwan ƙasa a ɗayan, sai na ji bakina ya ce, "Wanga ko wanga?" Sai da maganar ta fita na tuna ba kowa a ɗakin. Na zuba su duka biyun a akwati, na tashi na je na ba awaki dusa, don dai hannuna ya sami abin yi.

A hankali dai na tsince. Na kai rigunan wurin tela ya buɗe su ta gefe don iska ta riƙa shiga. Na bar mayafaina masu kauri na ɗauki na shara-shara. Na sayi takalmin roba, tunda an ce ruwa ba ya ɗaukewa a can, amma na kasa barin takalmina na fata, na cusa shi a gefe. Dardumar salla ƙarama, tasbaha, tabarau, da maganin hawan jini da zai kai ni har dawowa. Duka kayan jikina ba su cika rabin akwatin ba, na ji daɗin haka, don sauran wurin na mai jego ne.

Nan ne na ba da ƙarfina. Na ba direban da ke zuwa kasuwar Baleyara sautun kanwa mai kyau. Na sayi sabon gero na surfa da kaina, na wanke, na shanya, na kai inji. Yaji kuwa ban yarda da inji ba, a turmi na daka shi, citta da kanunfari da masoro da kimba. Lokacin da na haifi ɗiyar tawa, mata ne suka kewaye turmin nan suna lugude suna tafi, har maƙwabta suka san an sami ƙaruwa. Ranar ni kaɗai nake ɗaga taɓaryar, in daka kaɗan in huta, ina atishawa. Na haɗa da kuka da guro busasshe, wato kuɓewa, da daudawar batso, da kilishi da cuku don suruki, da turaren wuta a ƴar kwalba. Kowane na ƙulle shi a leda, na sake ƙullewa, don kada warin daudawa ya kama zannuwa.

Saura awaki. Akwai wata Bafillata da ta daɗe tana kawo mini nono daga rugarsu ta gabas da gari, tun yarana suna ƙanana. Ita na roƙa ta tafi da su su zauna cikin nata har in dawo. Ta zo da hantsi, ta kawo mini man shanu a kwalba ta ce a shafa wa jinjiri a ka. Ta kwance su ta ja gaba, babbar tana ta turjewa tana waiwaye a bakin ƙofa.

"Kar ki damu, Madam," in ji ta. "Kwana biyu za ta yi kuka, ta saba."

Da suka fita na tsaya a tsakar gida. Ashe duk shekarun nan motsinsu ne ke cika mini kunne, tuƙa da atishawa da gogar bango. Na share turken tas, ko da yake ba abin da zai sake ɓata shi. Da azahar na kama kaina na ɗebi ɓawon kankana zan kai musu.

Washegari na ɗora akwatin a amalanke na kai shagon wani mai sayar da hatsi, inda ke da babban sikeli. Ya aza shi, ya duba, ya girgiza kai. Nauyin ya wuce ƙa'ida. Na koma gida na rage kanwa, na cire zane biyu, na sake komawa. A karo na biyu ya ce ya yi daidai, amma kada in ƙara ko allura. Na dawo da shi ɗaki na jingine a bango, na zauna ina kallonsa. Aiki ya ƙare, tafiya kuma da sauran kwana biyu, ban san abin da zan yi da su ba.

Da la'asar ɗin ranar aka yi sallama a ƙofa. Wata tsohuwa ce ta bayan layinmu, wadda kowa ke ce wa Gwaggo. Mutuniyar Sanam ce, ta dawo Filinge wurin ɗan ƙanenta da zaman ƙauye ya gagare ta, tana ƴar sana'ar gujiya a ƙofar gida. Mukan gaisa in na wuce, amma ba ta taɓa shigowa gidana ba. Ta shigo da sanda a hannu ɗaya, wani babban ƙunshi a ka. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwa, na kawo ruwa.

"Madam, an ce kurmi za ki."

"Abijan za ni, Gwaggo, in Allah ya yarda. Ɗiyata ta kusa sauka."

"Allah shi raba lahiya." Ta sha ruwa, ta aje moɗar a hankali. "Ɗana na can."

Ban san ma tana da ɗa ba. Ta ba ni labarin ba tare da ta dube ni ba. Shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Yana saurayi ya bi abokansa bida, neman kuɗi a kurmi, kamar yadda samarin ƙasarmu ke yi in an gama aikin gona. Shekarun farko yana aiko da gaisuwa da ɗan sabulu. Daga baya abokan suka riƙa dawowa ba shi, wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ya ji ya ƙara gaba. Sai labari ya ɗauke gaba ɗaya. Na tambaye ta shekara nawa ke nan, ta ce ba ta lissafa ba, amma yaran da aka haifa shekarar da ya tafi sun yi aure.

Ta kwance ƙunshin. Sakala ce, bargon saƙa irin na da, mai ratsin baƙi da ja, mai kaurin da in ka rufa da shi a tsakiyar ɗari sai ka yi gumi. An wanke ta, an gyara bakinta da zare.

"Tashi ta," in ji ta. "Da ita shika rufa. Ranar da zai tahi ya bar ta bisa gado, ya ce nauyi. Mai jin sanyi na, ƙirji gare shi tun shina ƙarami. An ce garin bakin babban ruwa shike. Ina za a zauna bakin ruwa a ce babu sanyi?"

Na ce, "Gwaggo, kin san unguwar da shike? Ko akwai mai lambar wayarshi?"

"Ki tambaya kasuwa. Dogo na, shina da tabo nan bisa gira, jaki yash shure shi shina yaro. Kowa kit tambaya zai gwada miki shi."

Na sha zana garin nan a allo ina gaya wa yara girmansa. Na buɗe baki in ce mata ya fi Yamai nesa ba kusa ba, sai na tuna ko Yamai ɗin ba ta taɓa gani ba. Na so in ce mata zafi ake yi a can, kuma akwatina ya cika. Tana zaune ta dafa sakalar da tafin hannu tana jira. Na ce, "To, aje ta. Ban yi miki alkawarin ganinshi ba, amma zan tambaya."

"Tambayar nika so," in ji ta.

Da ta tafi na kira ɗiyata na gaya mata. Ta ce, "Bargo, Inna? Abijan? Kin san yawan mutanen garin ga? Mutumin da ko lambarshi babu? Ki bar shi nan, in kin dawo ki ce ba a same shi ba."

Na ce, "In na bar shi nan, ina zan ɓoye shi? Cikin ɗakina?"

"Ke dai kin saba ɗaukar kayan mutane," in ji ta, ta kawo wata magana.

Na kwantar da akwatin na zuge shi, na fito da komai. Na riƙe sakalar a hannun dama, ledar garin gero a hagu, ina gwada nauyinsu. Sai da na cire fiye da rabin garin, da cukun, da shadda ta biyu da na ɓoye a ƙasa ban gaya wa ɗiyata ba, kafin hannayena suka yi daidai. Garin nan ya fi yi mini ciwo. Da hannuna na surfa shi, ina ganin ɗiyata tana shan kununsa. Na naɗe sakalar na danna ta a ƙasa, na hau kan murfin da gwiwa na ja zip. Garin da ya rage na kai wa Gwaggo da safe. Ta karɓa ba ta tambaye ni dalili ba, ina jin ta gane abin da ya fitar da shi.

Ranar tafiya na yi asuba na zagaya ɗakunan ina rufe tagogi. Na juye randa na kife ta. Na kulle ƙofa na kai wa matar maƙwabcina makulli, ta fito da goyo ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta koma ciki don tana da tukunya a wuta. Na ja akwatina cikin yashi, tayoyin suna nutsewa, har sai da wani mai babur ya tsaya ya ɗauke ni. A tasha na tarar da Gwaggo zaune a kan dutse da sandarta. Ta dubi akwatin har aka ɗaure shi a saman mota, sannan ta miƙo mini ƙullin gujiya. Muka bi ta Bonkuku da Baleyara, ina ɓare gujiyar ina kallon gonakin da aka girbe.

Ɗiyata ta yi gaskiya a kan zafin. Ina fitowa daga jirgi na ji kamar an rufa mini jiƙaƙƙen zane a fuska. Zannuwan sharar nan da nake jin kunyarsu su na yi ta sawa, takalmin fatar kuwa bai yi wata ba ya yi funfuna. Ɗiyar tawa ta sauka lafiya, namiji. Na yi murna irin wadda ban yi tsammanin ta rage mini ba. Amma aikin da na zo yi ba shi da yawa. Likita ya hana wankan ruwan zafi irin namu. Kunun kanwa ta sha ƴan kwanaki don ta faranta mini, daga nan ta ce yana tayar mata da zuciya. Suna da mai aiki, suna da injin wanki. Gidan a bene yake, ba tsakar gida, ba mai sallama ya shigo. In jinjiri ya yi barci, uwarsa ma ta kwanta, sai in zauna a baranda ina kallon rufin gidaje da motoci, ba fuskar da na sani. Sakalar kuwa ta fara warin laima a cikin akwati, na riƙa fito da ita ina bazawa a ƙarƙashin fanka.

Surukina ne ya ga ina haka ya tambayi matarsa. Mutum ne marar yawan magana, ni ma kunya ba ta barin mu daɗe a wuri ɗaya. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, akwai masallacin da mutanen ƙasarmu ke Juma'a. Zan ba da cigiya." Na gaya masa sunan mutumin da na uwarsa da ƙauyensu, da tabon gira. Makonni suka wuce ba labari. Har na fara tunanin abin da zan ce wa tsohuwar.

Ana kusa da arba'in, wata Lahadi da rana, surukina ya shigo da wani mutum a bayansa. Dogo ne, ya ɗan rankwafa, gemunsa ya yi furfura. A raina saurayi nake nema, don haka sai da na ga tabon na yarda. Dakon buhunan albasa yake yi a wata kasuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe ni da Hausar gida wadda ba ta canza ba ko kaɗan. Aka nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa.

Na ɗauko sakalar na aje a gabansa. Na ce, "Uwarka ta ce in kawo maka. Ta ce mai jin sanyi kake."

Bai warware ta ba. Ya ɗora ta a cinya, gumi yana bin wuyansa, ya sunkuyar da kai ya daɗe a haka. Surukina ya fita ya ba mu wuri.

"Tana tahiya da ƙahwarta?" in ji shi, bai ɗago ba.

"Tana tahiya. Har tasha ta zo rakiyata."

"Idanunta hwa?"

"Sun rage, amma tana gane mutane."

Na ce bari in kira matar maƙwabcina ta kai wa uwarsa waya su gaisa. Ya ɗaga hannu da sauri.

"Ba yau ba, Iya. Mi zan ce mata? Waɗanda munka zo tare duk sun koma sun gina gidaje. Ni ga ni yadda kika gan ni."

Na ce, "Ba ta aiko ni in ga abin da ka samu ba. Ko sau ɗaya ba ta yi zancen ba."

Aka kawo abinci, tuwo da miyar kukar da na zo da ita, ya ci kaɗan ya wanke hannu. Kafin ya tashi na sa ya ɗauki lambata a ƴar wayarsa mai fasasshen gilashi. Na ce in ya shirya ya kira, ni zan kai mata. Ya ce to. Ya saɓa sakalar a kafaɗa ya sauka bene. Na leƙa ta baranda na gan shi yana tafiya cikin rana da ita, mutane suna kaucewa suna kallonsa.

Na dawo Filinge sanyi ya fara shiga. Gara ta ci ƙasan ƙofar ɗakin girki, ganyen bishiyar bedi ya cika tsakar gida. Ko tsintsiya ban ɗauka ba na ji ƙarar sanda a zaure.

"Madam, kin dawo lahiya? Ya mai jego? Ya jinjiri?" Sai da ta gama gaisuwar duka, ta zauna, ta gyara zane, sannan ta ce, "Kin tambaya?"

"Na tambaya, Gwaggo. Na gan shi. Na ba shi hannu da hannu."

Ta riƙe sandar da hannu biyu. "Ya rame?"

"Bai rame ba. Ya dai yi hurhura."

"Hurhura?" Sai ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta. "Yaron nan?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Mi yac ce?"

"Ya tambayi ƙahwarki, ya tambayi idanunki."

"Ya ce shina zuwa?"

"Bai ce ba."

Ta gyaɗa kai. Ta tambaye ni ko yana da mata, na ce ban tambaya ba. Ta ce ai da na tambaya. Ta ɗan zauna, sannan ta karɓi tsintsiyar daga hannuna ta ce in je in huta, na ƙwace, muka yi ta ja har ta haƙura.

Ya fi wata kafin ya kira. Wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Na ga baƙuwar lamba, na ji muryar, ban ko tsaya neman mayafi ba na yafa zanen da ke kan igiya na fita. Na same ta a bakin tiren gujiyarta na kara mata wayar a kunne. Maganar ba ta yi tsawo ba, kusan duk gaisuwa ce. Ina gajiya, ina sanyi, ina mutanen gida. Ta ce masa ya riƙa shan citta. Ya ce katinsa ya kusa ƙarewa. Da ya kashe ta ci gaba da riƙe hannuna a kunnenta, sai da na ce mata ya tafi.

Tun daga ranar, duk Juma'a in an sauko takan shigo gidana da ƙwaryar gujiya. Mu zauna a inuwar bedi, in aje wayar a kan tabarma tsakaninmu, muna ɓara. Wani makon ya kira, wani makon shiru. Har yau bai zo ba, ita ma ta daina tambayarsa yaushe. Ba mu cika hira ba, don ba mu saba ba tun farko, kuma ita ba mai yawan magana ba ce. Takan ba ni labarin Sanam jefi-jefi, rijiyarsu da gonar mijinta, ni kuma in nuna mata hoton jikana a waya, ta kawo shi dab da ido ta ce ya yi ƙiba.

Juma'ar da ta wuce bai kira ba. Muka ɓare gujiyar duka har aka kira la'asar. Ta yi salla a nan, ta tattara ɓawon a bakin zanenta, na raka ta har kwanar layinsu. Na dawo na rufe ƙofa, na hura wuta na ɗora tukunya.